Shawara ga ƙannenmu masu shirin rubuta WAEC da NECO

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ga ana yawan kuka da Turanci, kuma gaskiya abin damuwa ne, domin ba a shiga Jami'ar Ahmadu Bello sai da kiredit a cikinsa, wato aƙalla C6.

Ga yadda muka yi da ƙanwata a gidanmu na Tudun Wada. Na sayo mata littafin tsofaffin tambayoyi a Sabon Gari. Kullum bayan sallar Asuba, kafin hayaniyar gida ta tashi, takan ɗauki labari guda ɗaya kacal. Tambayoyin take fara karantawa, sannan ta karanta labarin sau biyu. Kalmar da ta shige mata duhu ba ta rugawa ƙamus. Sai ta fara hasashen ma'anarta daga jimlar, daga baya ta duba. Wannan na fi ba muhimmanci, don a zauren jarrabawa babu ƙamus.

Nahawu kuwa, ku lura da inda Hausa ke ja mana baya. Mu komai namiji ne ko mace, shi ya sa yaro zai ce wa mota “she” maimakon “it”. Haka “he go” maimakon “he goes”. Na ba ta ɗan littafi mai shafi 40, duk kuskuren da malami ya zagaye da jan biro sai ta kwafe shi da gyaransa, ta sake bi duk ranar Asabar.

Iyaye, ko ba ku jin Turanci, ku sa yaro ya ba ku labarin da ya karanta da Hausa. Nan take za ku gane ko ya fahimta.