Gwajin jinin maƙoƙo, mataki-mataki

'Yar'uwa, in kin ga kumburi a gaban wuya yana hawa da sauka in kin haɗiyi yawu, kada ki rufe shi da mayafi ki yi shiru. Maƙoƙo ba baƙo ba ne a Sudan, musamman Darfur, saboda ƙarancin aidin a abinci.

Da farko ki ga likita, a Gadarif kike ko Sinnar. Zai rubuta gwajin TSH, sau da yawa har da T4, wato sinadaran jini da ke nuna yadda ƙwayar wuya (thyroid), wadda ke kumbura ta zama maƙoƙo, take aiki.

Ki faɗa masa duk maganin da kike sha. Biotin, bitamin ɗin gyaran gashi, yana rikita sakamako, a dakatar da shi kwana 2 kafin gwaji. In kina da ciki, ki faɗa.

Ba sai kin ƙi cin abinci ba. Jini kaɗan za a ɗiba a hannu.

Sakamako ya fito, ki mayar wa likita. In TSH ya hau, ƙwayar wuyan ta yi sanyin aiki. In ya sauka, aikinta ya yi yawa. Ko ya fito daidai, yana iya tura ki hoton wuya.