Ɗaliban zamanin korona a ƙofar jami'a: kurakuran da aka fi yi da yadda za a gyara

Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Kafin watan Afrilu ya ƙare, ƙididdigar UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta nuna ɗalibai sama da biliyan 1.5 na zaune a gida. Wasu ƙasashen makonni suka yi, wasu kuwa irin su Uganda sai a Janairun 2022 suka buɗe makarantu gaba ɗaya, bayan kusan shekara biyu. Yaron da ke da shekara 12 lokacin kullen ya cika 18 a 2026, daidai lokacin neman gurbi a jami'a. Don haka mai cewa maganar korona ta wuce, tun daga nan ya fara kuskure. Cutar ta lafa, amma giɓin da ta bari yana cikin kan yaran, yana bin su aji zuwa aji.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne yarda da takardar sakamako ido rufe. A shekarun annoba makarantu da yawa sun sassauta: an rage manhaja, an soke jarrabawa, an ciyar da kowa gaba. Ban ga laifinsu ba, a halin da ake ciki babu yadda za su yi. Amma dubi Birtaniya. A 2019 kusan kashi 25 cikin ɗari na sakamakon jarrabawar gama babbar sakandare ne ya kai matakin A ko sama. A 2021, da aka bar wa malamai ba da maki, sai ya haura zuwa kusan kashi 45. Ilimi bai ninka a cikin shekara biyu ba, ma'aunin ne ya canza. Uba zai ga maki mai kyau ya saki jiki, ɗan ma ya saki jiki, sai makon farko a ɗakin lakca ya tona asiri. Kitso ne aka yi da ƙwarƙwata.

Gyaran ba wuya. A samo tambayoyin jarrabawar shekarun da suka gabaci 2020, ɗalibi ya zauna shi kaɗai, babu waya, babu littafi, agogo na gabansa. A yi makin tsakani da Allah. Abin dubawa shi ne inda yake tuntuɓe, jimlar maki ba ta da wani amfani a nan.

Daga nan sai wani kuskuren ya biyo, kuma kala biyu ne. Wasu sai su ce a koma farko a maimaita komai, yaro ya gaji ya watsar. Wasu su ce ai zai kamo a hanya, a ci gaba kawai. A wasu darussan kamowa a hanya na yiwuwa. Wanda bai karanta tarihin wata daula ba zai iya fahimtar ta gaba. Lissafi ba ya yafiya haka, don gini ne, bulo kan bulo. Gwajin PISA na 2022, wanda ake yi wa 'yan shekara 15, ya nuna matsakaicin makin lissafi a ƙasashen ƙungiyar OECD, wadda galibin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, ya faɗi da kusan maki 15 idan aka kwatanta da 2018, na karatu kuma da kusan 10. Faɗuwar lissafin ba a taɓa ganin irinta ba tun da aka fara gwajin.

Ga yadda abin yake a kusa. Ɗaliba ce a ajin farko na karatun injiniya, malami na kan allo yana warware aljabara, tana kwafa layi-layi da rubutu mai tsabta. Ka ba ta rabi ta haɗa da sulusi, sai ta tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ta ba ka biyu bisa biyar. Amsar biyar bisa shida ce. Darasin da ya kamata ya zaunar mata da wannan ya faɗo a watannin da makaranta ke rufe, kuma tun daga lokacin babu wanda ya waiwaya. Ita a ganinta kanta ne ba ya ja, alhali makonni biyu ko uku na aiki a kan wannan gurbi guda sun isa su buɗe mata abubuwa goma da suka toshe. Irin wannan toshiyar ake nema a cire, ɗaya bayan ɗaya, tana tafiya tare da ajinta. Kuma ƙaramin rukuni na mutum uku ko huɗu, sau uku a mako da malami guda, ya fi taron mutum ɗari ranar hutu nesa ba kusa ba.

Akwai asarar da ba ta fitowa a kowace takarda, ita ma ana mantawa da ita. Karatu ta intanet ya koya wa yara kashe kyamara su bar malami na ta zuba, su kuma suna kwance suna latsa waya. Ya koya musu cewa kowace amsa tana nan kusa, sai dai a bincika. Jami'a kuwa tana son mai iya zaman awa biyu yana saurare yana tsamo abin rubutawa, mai iya cinye shafi talatin ba tare da ya leƙa waya ba, mai tsara lokacinsa babu mai tsaye a kansa. Wannan horo ne kamar na gudu, da kaɗan-kaɗan ake gina shi. A fara da minti 25 na karatu, waya na wani ɗakin, a rufe littafi a rubuta abin da aka riƙe, sannan a riƙa ƙarawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, watannin da ke tsakanin gama sakandare da shiga jami'a su ne lokacin wannan aikin.

Iyaye da malamai kuma mu yi hattara da kalmar "malalaci". A Maris 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce damuwa da ciwon baƙin ciki sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a shekarar farko ta annobar, kuma matasa na cikin waɗanda abin ya fi taɓawa. Wani ya rasa uwa ko uba, wani ya shiga neman na sakawa a bakin salati don mai ciyar da gidan ya rasa aiki. Yaron da ke gudun aji, ba ya barci, ba ya son shiga mutane, tambaya yake buƙata kafin faɗa, wani lokacin ma likita. Haka nan kada a yi musu kuɗin goro: wanda ya yi kullen da kwamfuta da ɗakinsa shi kaɗai, da wanda su biyar ke rabon waya ɗaya, ba annoba ɗaya suka gani ba.

Masu neman gurbi su daina dogaro da sassaucin wancan lokaci. Jami'o'in Amurka da dama sun ɗage sharaɗin SAT, jarrabawar neman shiga jami'a, a 2020, amma jami'ar MIT ta maido da shi a 2022, wasu manyan suka bi sahu a 2024. A duba sharuɗɗan bana, ba labarin yaya ko yayar da ta shiga a lokacin kulle ba.

Kai kuma ɗalibi, naka kuskuren shi ne kunya. Kana ganin kowa a ajin ya gane sai kai, alhali da yawa daga masu gyaɗa kan irin halinka suke ciki. Kada ka jira sakamakon zangon farko. Tun a mako na biyu ko na uku ka nemi malami a ofishinsa, littafinka a hannu. Idan ka ce "Malam, ban gane komai ba", bai san ta ina zai kama ba. Buɗe shafin, ka ɗora yatsa a kan layin, ka ce, "Malam, har nan ina biye, daga nan zuwa nan ne na ɓace."