Yadda Za Ka Gane Ko Ɗanka Karatu Yake Yi a Firamaren Gwamnati ko Ɗumama Benci

Ni tela ne a Kano. Shagona yana kallon ƙofar wata firamaren gwamnati, kuma 'ya'yana duk ta nan suka bi, manyan sun fita, ƙananan suna ciki. Shi ya sa maƙwabta kan tsaya su tambaye ni, "Malam, makarantar nan da kyau kuwa, ko in lallaɓa in kai shi ta kuɗi?" Abin da nake ce musu shi ne, a makaranta ɗaya sai ka tarar 2A ana karatu sosai, 2B kuwa raino kawai ake yi, alhali bango ɗaya ya raba su. Saboda haka ajin da ɗanka yake shi za ka bincika, kuma ma'aunin yana kwana a gidanka: yaron da kansa.

Fara gwada yaron

Ajiye katin sakamakonsa tukuna. Don an rubuta ya zo na uku a aji bai gaya maka komai ba, idan su saba'in ɗin da ya wuce ba su iya haɗa baƙi ba. Kuma a yawancin makarantunmu ƙarshen shekara kowa gaba ake tura shi, ya iya ko bai iya ba.

Samo takarda da biro, ka rubuta da hannunka. Kada ka ɗauko littafinsa na makaranta, don wataƙila ya haddace shi tun daga bango har bango. Idan ɗan aji ɗaya ne da ya kusa gama shekara, watsa masa baƙaƙe da wasula ba bisa jeri ba: m, u, k, sh, a, ɗ. Sannan gaɓoɓi irin su ba, ki, ro, tsa. Ɗan aji biyu ka ba shi kalmomi: tukunya, makulli, gyaɗa, ƙofa. Ɗan aji uku kuwa jimla sukutum za ka ba shi, kamar haka: "Inna ta aiki Sani kasuwa ya sayo manja da gishiri, ya dawo mata da canjin naira hamsin." In ya karanta, karɓe takardar ka tambaye shi: wa aka aika? Me ya sayo? Nawa ya rage? Akwai yaron da zai furta kowace kalma daidai amma bai san an aiki kowa ba. Wannan sauti yake fitarwa, bai kai ga karatu ba tukuna.

Ko da ba ka yi boko ba, aikin bai fi ƙarfinka ba. Ka san yadda malamin allo yake kama mai hadda da ka: ya ɗora yatsa a tsakiyar allo ya ce, "Mene ne wannan?" To haka za ka yi. Sa yayansa ko ɗan maƙwabci ya rubuta, kai kuma ka nuna kalma daga ƙasa, ka koma tsakiya, ka dawo farko. Ka lura da idonsa. Mai karatu idonsa yana kan takarda, mai hadda yana kallon sama.

A lissafi kada wayonsa na kasuwa ya ruɗe ka. Yaron da yake tsaron shago zai ba ka canjin dubu ɗaya ba tare da ya yi tari ba, amma ka rubuta masa 52 a ɗebe 17 sai ya tsaya, don ba a koya masa aro ba. Ɗan aji uku ya kamata ya yi wannan a takarda, ɗan aji huɗu kuma ya raba 84 gida 4.

Kada ka riƙe bulala yayin gwajin nan, kada ka yi tsawa, kada ka yi shi a gaban baƙi. Yaron da ya firgita ko sunansa ba zai karanta ba, kai kuma ka tashi da sakamakon ƙarya. Ni bayan sallar isha nake yi, muna hira, kamar wasa.

Daga nan buɗe jakarsa. Littafin rubutu ba ya ɓoye wa malami sirri. Bi kwanan watan da ke saman kowane shafi: in ka ga lissafi ran Litinin, ba ka sake gani ba sai Litinin ta sama, ka san abin da ake ciki. Nemi jan biro. In akwai, duba ko gyara aka yi ko kuwa maki kawai aka zabga a kan amsar da ba daidai ba, don wani lokaci monita ake miƙa wa littattafan ya bi su. Shafuka cike da rubutun Turanci mai kyau da yaron ya kwafa daga allo, amma bai iya karanta ko layi ɗaya a ciki ba, wannan ita ce cutar da ta fi yawa, kuma ita ta fi yaudarar iyaye, saboda jaka tana nauyi, biro yana ƙarewa, kowa yana ganin ana aiki.

Sannan ka taka zuwa makarantar

Kada ka je da sassafe lokacin taron safe, sa'ad da kowa yake a layi fes. Je bayan an dawo daga tara, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, kuma ka zaɓi Alhamis ko wata rana da ba a sa ran kowa. In a ƙauye kake, je ranar kasuwa. Daga kan kekena ina ganin wanda yake shiga da wanda yake sulalewa, kuma na lura makarantar ƙarfe takwas daban take da ta ƙarfe goma sha ɗaya.

Fara da ofishin hedimasta, ka yi sallama, ku gaisa sosai. Kada ka faɗa aji kai tsaye, kada kuma ka zo da fuskar mai bincike. Ni cewa nake, "Ranka ya daɗe, ni ne mahaifin wane na 3B, na zo in gaida malaminsu in ji yadda yake ƙoƙari." Ban taɓa ganin wanda aka hana da irin wannan magana ba. A kan hanyarku ta zuwa ajin sai ka yi ƙidayarka a zuci: azuzuwa nawa ne malami yake tsaye a ciki, nawa ne monita yake rubuta sunan masu surutu, malamai nawa ne a gindin bishiya.

In ka isa, tsaya ta taga ta baya, don 'yan layin gaba kullum suna samun rabonsu. Tambayar ita ce na ƙarshen aji: yana hango allo? Allon ma baƙi ne ko ya koɗe har alli ba ya fita? Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ni na ga aji da ya haura ɗari, wasu a benci, wasu a tabarma, wasu a dandaryar ƙasa. A irin wannan aji, malamin kirki shi ne wanda yake ratsawa har baya, yake kiran yara da sunayensu, yake tsayar da ɗaya ya karanta shi kaɗai. In duk abin da ka ji shi ne malami ya faɗa aji ya amsa baki ɗaya, to goma ne suke jan sauran.

Saurari kuma harshen da ake koyarwa da shi. Gwamnatin tarayya ta yi ta kai-kawo a kan wannan: an daɗe ana cewa aji ɗaya zuwa uku da harshen gida, a 2022 aka ce har aji shida, a 2025 kuma aka janye aka ce Turanci. Ni dai abin da na gani a gidana shi ne, wanda ya fara ƙwarewa da karanta Hausa bai sha wahalar Turanci ba daga baya. Malamin da yake bayani da Hausa har yaro ya gane, sannan ya ba shi kalmar Turancin, shi nake nema.

Kafin ka fita, leƙa makewayi, ka tambayi inda yara suke shan ruwa, ka duba ko akwai katanga. In 'ya mace gare ka wannan ba ƙaramin abu ba ne: yarinyar aji biyar ko shida da ba ta da wurin kewayawa gida za ta taho, kuma ba lallai ta koma ba. Sabon fenti a bangon da ke kallon titi kuwa, kada ka ba shi maki ko ɗaya. Ɗaga kai ka dubi kwano da silin, musamman in damina ta kusa.

Maganar malami

Mafi ƙarancin shaidar da aka yarda a koyar da ita a firamare ita ce NCE, wato takardar kwalejin horar da malamai, amma takarda ba ta shiga aji. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa ta matakin aji huɗu, sama da 21,000 ba su kai makin da aka yanka ba, aka sallame su. An yi ta jayayya a kan adalcin jarrabawar, amma ta sa iyaye da dama sun daina ɗauka cewa duk wanda ya riƙe alli ya iya. A ɗaya gefen kuma, kada ka raina su a dunƙule. Na san malamar da take sayen alli da kuɗinta, na san malamin da yake tashi daga aji ya hau ɗan sahu har dare don albashin ba ya kai shi ƙarshen wata, kuma duk da haka bai taɓa makara ba.

Yadda za ka gano na kirki: tambayi matan unguwa. Sun san ajin da in yaro ya shiga yake fitowa da karatu. Abin da na lura kuma, sau da yawa gwanayen malamai aji shida ake kai su saboda jarrabawar shiga sakandare, a bar aji ɗaya da biyu ga wanda ya samu, ko ga ɗaliban kwaleji masu koyon koyarwa da za su tafi bayan 'yan watanni. A ganina wannan juya abu ne a baibai, kuma magana ce da ta dace a ɗaga a taron iyaye. Kafin nan, in ka gano malamar da ta iya, je farkon zangon farko ka roƙi hedimasta ya sa ɗanka a ajinta. In gwajinka ya nuna ɗan aji uku bai san baƙi ba, kai da kanka ka nemi a maimaita masa. Zai yi fushi na mako ɗaya, ya fi a kai shi sakandare yana zana sunansa.

In ka ga ɓaraka, ina za ka kai?

San abin da yake hannun wa. Fashin malami da rashin duba littafi na hedimasta ne. Rufin da ya yaye, benci, ƙarin malamai, ba shi da ikonsu, ko ka yi masa ihu har gobe. Waɗannan suna wajen sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga shi sai SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Ita kuma UBEC, takwararta ta tarayya, tana karɓar kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma ba ta sakar wa jiha kuɗin gine-gine sai jihar ta ajiye nata daidai da shi. Wani jinkirin daga can yake farawa.

Kada ka je kai kaɗai. Tun 2006 aka amince kowace makaranta ta kafa kwamitin al'umma da ake kira SBMC, wanda ya haɗa hedimasta, wakilan malamai da iyaye, mata, masu sana'a, malaman addini da wakilin masu sarauta. Tambayi su wane ne a ciki da yaushe suka zauna na ƙarshe. In kwamitin a takarda kawai yake, ku haɗu ku biyar ko shida da mai unguwa ku tashe shi. Koke kuma a rubuce: aji kaza, yara kaza, babu malamin lissafi tun wata kaza, ga hoto. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimi a ɗaya ku riƙe. A Kano kuna iya tuna musu cewa gwamnati da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Gidan rediyo ku bar shi sai an bi waɗannan ƙofofi an ga ba motsi, don da zarar sunan makaranta ya fita a iska, malaman da kuke buƙatar haɗin kansu sun zama abokan gaba.

Batun kuɗi gajere ne. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara, kyauta ne kuma dole. In an ce a kawo kuɗin alli, na tsintsiya ko na buga jarrabawa, tambayi a wane zama aka yanke, kuma ka nemi rasit. Abin da iyaye suka amince da shi a taro ni ina biya. Korar yaro gida a kan naira ɗari biyu kuwa ba na yarda, kuma nakan faɗa a fili.

Kai ma akwai naka. Malami zai buɗe maka rajista, kuma in jan layin fashi ya cika gaban sunan ɗanka saboda talla, aike ko biki, bakinka ya mutu. Ka tashe shi da wuri, ya karya kafin ya fita, ka sa shi karanta maka allunan shaguna in kuna tafe a hanya.

Bayan zango ɗaya ka sake gwajin takardar nan da sababbin kalmomi. In ya motsa, bar shi inda yake. In bai motsa ba bayan an canja masa aji kuma ba ya fashi, to nemi wata makarantar, amma ka jira farkon shekarar karatu a watan Satumba, ka karɓi takardar canjin makaranta daga hedimasta. In ta kuɗi ka nufa, kafin ka biya ko sisi nemi ɗan maƙwabci da yake aji uku a can, ka miƙa masa jimlar Sani da manja ka ji yadda zai yi da ita.