Motarka ta farko a Ingila: tambayi inshora kafin ka yi tayi

Duk wanda ya tsaya jiran bas da ƙarfe shida na asuba a watan Janairu, iska na ratsa masa riga uku, ya san lokacin da tunanin mota ke shiga zuciya. Ballantana masu aikin kula da tsofaffi gida-gida, waɗanda ake ba gidaje biyar ko shida a wuni, wannan a gabas wancan a yamma. Sai mutum ya buɗe waya ya ga motoci birjik, irin waɗanda a Kano sai wane da wane, an rubuta musu fam 2,500. Nan take lissafi ya fara. Abin da sabon zuwa bai sani ba shi ne, wannan kuɗin da aka rubuta kuɗin shiga ne kawai.

Akwai wani yaro da na ɗauka tamkar ƙanena. Bai fi wata huɗu da zuwa ba ya kira ni wata Asabar, muryarsa har rawa take don murna.

"Yaya, na yi mota."

Na ce Allah ya sanya alheri, ya tsare, wace iri ce? Ya shiga lissafo mini: ƙatuwa, baƙa wuluk, kujerun fata, inji lita uku, mai shan gas.

"Ka yi mata inshora?"

"Ranar Litinin in sha Allahu."

"To yaya aka yi ta zo ƙofar gidanka?"

Sai na ji shiru. Da daddare muka zauna muka cike bayanansa a intanet, mafi arhar abin da aka yanka masa na shekara ɗaya ya zarce kuɗin da ya sayi motar. Ƙarshenta sai da ya sanar da DVLA, hukumar da ke kula da rajistar motoci da lasisin tuƙi, cewa ya janye ta daga titi, ya roƙi wani bawan Allah ya ajiye masa ita a farfajiyar gidansa, bayan wata biyu ya sayar da faɗuwa. Har yau in muka haɗu ina tsokanarsa da "mai kujerun fata".

A gida mun saba inshora takarda ce da ake cusawa a aljihun mota don ranar da aka tsare ka a hanya. A nan ita ce gaba da komai. Kyamarori a bakin titi da cikin motocin 'yan sanda suna karanta lambar mota, su gane nan take ko tana da inshora. In ba ta da shi, mafi ƙarancin hukunci tarar fam 300 da maki 6 na laifi da za a rubuta a lasisinka, kuma suna da ikon ɗauke motar a wurin, ka tako da ƙafa. Kamfanonin inshora kuwa ba su san ka ba. Ko shekara 15 ka yi kana tuƙi tsakanin Kaduna da Zariya, a wurinsu jiya aka haife ka, don ba ka da tarihin da za su duba. Shi ya sa suke tsawwala wa sabon zuwa. An kasa motoci rukuni-rukuni daga 1 zuwa 50, ƙananan motoci masu ƙaramin inji suna can ƙasa, kuma da su kaɗai sabon zuwa zai iya numfasawa. Saboda haka kafin ka kira mai mota, kwafi lambarta daga hoton talla, ka shiga ɗaya daga shafukan da ke kwatanta farashin inshora, ka ga nawa za a ce maka. Kyauta ne, minti goma ne. In kuɗin ya fi ƙarfinka, ka huta da zuwa kallo.

Wurin cike bayanai kada ka yi dabara. Faɗi irin lasisin da ke hannunka, da ainihin inda motar ke kwana, da abin da za ka riƙa yi da ita. Wannan na ƙarshe yana kama 'yan'uwanmu masu aikin kula da marasa lafiya: inshorar zuwa aiki da dawowa daban take da ta wanda ke yawo daga gidan wannan majinyaci zuwa na wancan, wadda sai ka ce kana amfani da motar don aiki. Kai abinci gidajen mutane kuma nasa tsarin daban ne. In ka ɓoye, ranar da tsautsayi ya faɗa za su ce ba su san zance ba. Haka sa sunan yayanka da ya daɗe a ƙasar a matsayin babban direba, alhali kai ke jan motar kullum: mu muna ganin taimakon zumunci ne, doka tana kiransa zamba, kuma ku biyun za ta shafa. Sannan ka yi hattara da masu tallar inshora mai arha a WhatsApp, waɗanda za su ce turo kuɗi asusuna in yi maka a rabin farashi. Da yawansu takardar bogi suke bugawa, ko su yi ta gaske da bayanan ƙarya su soke bayan sati ɗaya. Wanda ke gudun riba kuma ya lura: biyan inshora wata-wata galibi rance ne da kuɗin ruwa a kai. In da hali, a biya na shekara gaba ɗaya, ya ma fi arha. Wannan ma wani dalili ne na rage kuɗin motar a bar wa inshora wuri.

Sai lasisi. Da cikakken lasisin Najeriya, ko Nijar, ko Gana, za ka iya tuƙa ƙaramar mota na wata 12 daga ranar da ka zama mazauni. Bayan nan ya mutu a nan, kuma ƙasashenmu ba sa cikin waɗanda ake musanya wa lasisi kai tsaye. Dole ka nemi lasisin koyo, fam 34 ta intanet, ka ci jarrabawar ƙa'idojin hanya ta fam 23, sannan ta tuƙi a titi, fam 62 a ranakun aiki. Layin wannan ta ƙarshe watanni yake ɗauka, don haka wanda ya bari sai wata na goma ya makara. Abu ɗaya da ke da alaƙa da zaɓin mota: in ka ci jarrabawa da otomatik, otomatik kaɗai aka yarje maka, in da mai giyar hannu ka ci, duka biyun naka ne. Mu da yawa mun zo da sabon otomatik saboda motocin Amurka da suka cika gida, amma a nan tsofaffin ƙananan motoci galibinsu masu kuloci ne, kuma sun fi arha nesa ba kusa ba. Sai dai fa giyar da hannun hagu za ka riƙa sa ta. Kwana uku za ka yi kana dukan ƙofa da hannun dama, daga nan ka saba.

Wace mota? Ni dai ra'ayina a fili yake: ƙarama, mai fetur, inji lita 1.0 zuwa 1.4, wadda ba wanda zai waiwayo ya kalla. Toyota Yaris da Honda Jazz ba su da kwarjini, amma ba sa kai mutum gareji kowane wata, kuma Jazz tana da fili a ciki fiye da yadda ake zato; buhun shinkafa da keken jariri duk za su shige. Toyota Aygo da Peugeot 107 da Citroën C1 mota ɗaya ce aka sa wa riga uku, a masana'anta ɗaya aka ƙera su a ƙasar Czech tun 2005, don haka ɗauki wadda ta fi lafiya da arha, kada tambari ya ruɗe ka. Sai dai 'yan mitsi-mitsi ne, mai iyali ba za su ishe shi ba. Akwai Hyundai i10 da Kia Picanto. Vauxhall Corsa ita ce Opel ɗin da muka sani a gida, suna kawai aka sauya. Ford Fiesta kuwa, duk da an daina ƙera ta a 2023, ta cika ko'ina, kayan gyaranta ba wuya.

Na ce mai fetur, kuma da dalili. Tsohuwar mota mai gas takan yi arha a talla, amma tun 29 ga Agustan 2023 yankin ULEZ, wato inda ake cajin motoci masu yawan hayaƙi, ya mamaye dukkan unguwannin Landan, kuma motar da hayaƙinta bai cika ƙa'ida ba fam 12.50 take biya duk ranar da ta motsa. A tsakiyar Birmingham fam 8 ne. Masu fetur da aka yi wa rajista bayan 2005 galibi sun tsira, masu gas kuwa yawanci sai na bayan Satumban 2015. Ban da wannan, motar gas tana da matatar hayaƙi a salansa da ke toshewa in ba a yin doguwar tafiya da ita, kuma kai ɗan zirga-zirgar cikin gari za ka yi. Harajin hanya shi ma ya danganta da shekara: ƙananan motoci da yawa na kafin Afrilun 2017 fam 20 ko 35 suke biya a shekara, na bayan nan kusan fam 200. Lambar motar ma tana faɗa maka shekarunta: in ka ga 14 a tsakiya, rajistar Maris zuwa Agustan 2014 ce, 64 kuma daga Satumban 2014 zuwa Fabrairun 2015.

A gida in za ka sayi 'yar Kwatano sai ka ɗauki bakanikenka, ya buɗe bonet, ya kasa kunne, ya ce Alhaji injin nan lafiya lau. A nan rabin aikin bakaniken yana cikin wayarka. Duk motar da ta kai shekara uku dole a yi mata gwajin lafiya na MOT kowace shekara, kuma sakamakon duk yana shafin gwamnati kyauta. Sa lambar motar kawai. Za ka ga shekarar da ta faɗi da dalili, da gargaɗin da masu gwaji suka rubuta, da adadin mil ɗin da ta yi a kowane gwaji. In bara tana mil 95,000 bana kuma mita na nuna 70,000, an juya mata agogo, rufe shafin. In kuma shekara uku a jere ana rubuta tsatsa a ƙarƙashi, ka san mai ita bai taɓa kula ba. Tsatsa ce babbar cutar motocin ƙasar nan, saboda gishirin da ake watsa wa tituna lokacin hunturu. Ka tuna kuma mil ne ba kilomita ba. Mil 100,000 ya kai kilomita 160,000.

Akwai bincike na biyu da ake biyan 'yan fam kaɗan, wanda aka fi sani da HPI, kuma kada ka yi masa rowa. Shi zai nuna ko ta sata ce, ko ta taɓa yin hatsarin da inshora ta yafe ta. In an rubuta Cat S, ƙashin motar ne ya taɓu aka gyara; Cat N kuwa ɓarnar ba ta kai ƙashi ba. Sabon zuwa ya bar duka biyun ga waɗanda suka san kan abin. Mafi muhimmanci, zai nuna ko akwai bashi a kanta. In mai ita bai gama biyan kamfanin da ya ba shi rance ba, motar ta kamfanin ce, kuma za ka iya tsintar kanka cikin rigimar da ba kai ka ƙulla ba.

Ranar kallo ka je da rana, kada cikin ruwan sama, don jiƙaƙƙen fenti yana ɓoye tabo. Na taɓa zuwa kallon wata da yamma, mai ita ya ce mu haɗu a filin ajiye motoci na wani babban kanti, wai gidansa da wuyar ganewa. Na isa na tarar injin da ɗumi. Na durƙusa na haska fitilar waya ta bayan tayar baya, na danna ƙarfen da babban yatsa, sai ga ɓarɓashi yana zubowa kamar ƙanzo. Na ce ya nuna mini takardar rajista, ya ce tana wurin matarsa. Na yi masa godiya na koma tashar jirgi. Ka ce a bar maka injin da sanyi, kai za ka tayar, don da sanyi ne ƙara da hayaƙi ke tona asiri. Buɗe murfin baƙin mai. In ka ga wani farin kumfa mai kauri a jikinsa, tambayi dalili, don yana iya zama ruwa ne ke haɗuwa da mai. Duba taya: doka ta ce zanen kada ya gaza milimita 1.6, kuma kowace taya da ta suɗe maki 3 ce. Nemi littafin sabis da rasitai, ka tambayi yaushe aka sauya bel ɗin inji in mai bel ce. Takardar rajista sunanta V5C. Adireshin da ke jiki ya zama nan ne gidan da kake tsaye, lambar shasi kuma ta dace da wadda ke ƙasan gilashin gaba. In za ka ɗana ta a titi, tabbatar akwai inshorar da ta rufe ka. Ana sayar da ta awa ɗaya.

Tsakanin dila da mai gida akwai bambancin da ya wuce na farashi. In ka saya wurin dila mai rajista, dokar kare masu sayayya ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da mota in ta fito da matsalar da ke jikinta tun farko. Wurin mutum a gidansa, ko wanda ka samo a Facebook ko Gumtree, muddin bai yi maka ƙarya a bayaninta ba, yadda ka gan ta haka ka saya. Ga wanda bai san mota ba, ƙarin fam ɗari biyu ko uku wurin dila ba asara ba ce. Tayi kuwa ana yi, amma ba irin na Kantin Kwari ba; in ka raba kuɗin biyu ba albarka za a ce maka ba, kashe waya za a yi. Ka kafa hujja da abin da ka gani, tayoyi biyu sun kusa ƙarewa, MOT saura wata ɗaya, sai a rage maka daidai da haka. Kafin alƙalami kuma ba a tura wa wanda ba ka gani ba kan motar da ba ka taɓa ba, komai daɗin bakinsa.

In an sallama, biya ta banki don ya zama akwai shaida, a rubuta rasit mai kwanan wata da lambar mota da mil ɗin da ke mita. Mai sayarwa zai sanar da DVLA, ya yago maka koren ɓangaren takardar V5C. Da lambar da ke jikin wannan 'yar takarda za ka biya harajin hanya a waya, don tun 2014 harajin tsohon mai mota ba ya bin ta zuwa hannunka. Inshora, haraji, sannan makulli. Duk ranar da ka sauya gida kuma, ka sauya adireshi a lasisi da V5C, in ba haka ba takardun tara za su yi ta taruwa a tsohon gida suna ninkuwa ba ka sani ba.

Masu tunanin in sun gama da ita su auna ta gida a jirgin ruwa, su cire wannan daga lissafi. Sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuwa tun 1972 ta koma tuƙi a hannun dama na titi, kuma ba a yarda a shigo da irin waɗannan motoci ba. A nan za ka saye ta, a nan za ka sayar. Ranar da za ka ɗauko ta, nemi wanda ya daɗe a gari ya zauna a gefenka, don a shataletalen farko jikinka zai ce ka duba hagu, alhali motocin daga dama suke tahowa.