Idan PostgreSQL Ya Ƙi Tashi Bayan Girkawa a Ubuntu

Idan ka girka PostgreSQL, manhajar sarrafa rumbun bayanai, a Ubuntu (wani nau'in Linux) amma ka kasa shiga rumbun bayanan, kada ka yi saurin goge manhajar, tunda galibi matsalar na nan tana jiranka bayan ka sake girkawa. Fara da umarnin pg_lsclusters, wanda ya fi systemctl status postgresql amfani a nan, saboda na biyun yakan nuna kamar lafiya lau ne alhali sabar (server) PostgreSQL ba ta tashi ba.

A sakamakon pg_lsclusters, ka dubi lambar tasha (port), wato ƙofar da ake bi a haɗu da sabar, da idon basira. PostgreSQL yakan saurara a tasha ta 5432, amma idan akwai tsohon siga da ya riga ya kama ta, sabon sai ya koma 5433 ba tare da ka ankara ba, kai kuwa kana ta ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba. Wannan yakan rikita sababbin shiga.

In ba nan ba ne, karanta layukan ƙarshe na fayil ɗin rahoton aiki da kurakurai (log) da ke cikin /var/log/postgresql, sannan ka auna sauran wurin faifai da df -h. Girkawar da ta katse a tsakiya kuwa, sudo dpkg --configure -a ne ke ƙarasa ta.