Daga karatun shari'a zuwa aikin jakadanci: ga yadda za ka bi

Ƙanena da ya ci bak bana, kullum maganarka kenan kana son ka zama jakada ka riƙa kare haƙƙin ɗan Adam, to zauna ka ji.

Farko dai lisans ɗin shari'a, ko Tawa ko Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, sannan a mastar ka karkata wajen dokokin ƙasa da ƙasa. Daga nan hanya ta rabu, ko ka yi konkur ka shiga ma'aikatar harkokin waje, ko ka nemi IRIC, makarantar koyon hulɗar ƙasa da ƙasa ta Yawunde a Kamaru, ko ka bi ta ƙungiyoyi irin su ANDDH mai kare haƙƙin ɗan Adam a Nijar da Timidria mai yaƙi da bauta.

Amma wallahi abin da ya fi damuna, yaranmu na son aiki a ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya na Janeba alhali ba su taɓa taka kotu ba. Lokacin hutu ka nemi istaj wajen lauya nan Damagaram, muna da kotun ɗaukaka ƙara ai, ka zauna benci na baya ka ga tsohuwar da ta taho daga ƙauye da takardar ɗanta ƙunshe cikin leda a bakin zane, ana magana da Faransanci ita ko ba ta jin ko ɗaya sai ta kalli mai fassara. Wannan shi ne aikin, sauran duk ado ne. Ka dubi Hadijatou Mani, baiwa aka maida ta, Timidria da lauyoyi suka tsaya mata har kotun CEDEAO ta yanke hukunci a 2008 cewa Nijar ba ta kare ta ba, a biya ta miliyan 10 na sefa. Wanda ya san fayil irin wannan ciki da bai, in ya tsaya gaban Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul ba kame-kame zai yi ba.

Sai Ingilishi, kada ka yi wasa da shi ko kaɗan. Faransanci kaɗai ba ya kai ka nesa a Majalisar Ɗinkin Duniya, ga Kano nan kusa, in ka samu hali je ka yi wata uku. Kan batun farawa daga kotu kuma, Fatou Bensouda a kotunan Gambiya ta fara, ta zo ta riƙe babbar mai gabatar da ƙara ta ICC, kotun manyan laifuka ta duniya, daga 2012 zuwa 2021.

Ka karanta Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam ta 1981 har ka iya bayaninta da Hausa ga Inna a tsakar gida, kuma ka koyi rubuta rahoto na shafi guda, da kwanan wata da wurin da abin ya faru.