Ku tambayi launin rigar sanyi kafin ku saya

Assalamu alaikum iyayen yara. Zangon farko ya kankama, an yi hutun 1 ga Oktoba, kaka ta shigo, kafin mu ankara iskar hunturu za ta kaɗa a Nuwamba. Don Allah kada ku sayi rigar sanyi sai kun ji daga bakin makaranta.

Bara na sayo wa 'yata ja mai kyau a Ƙofar Wambai, ashe makarantarsu shuɗiya kawai ta yarda da ita, wadda ba rubutu a ƙirji. Aka sa ta cire, ta dawo gida da mura. Abin ya yi min ciwo, amma an faɗi dokar a taron iyaye da malamai, ni ce ban samu zuwa ba.

A ƙaramar makaranta, inda iyayen duka ba su fi cikin aji biyu ba, maganarku tana da nauyi. Ku je taron. Ku tambayi launi, tsawon hijabi, safa, da ko an yarda 'yan nazare su sa hular sanyi da dogon wando a ƙarƙashin yunifom. Ku roƙi a rubuto a takarda. In za a yi ranar al'adu kafin hutun Disamba, ku nemi a bar yara su sa kayan Sallarsu, ba kowa ke da halin sabon anko ba. In ya zama dole, ku haɗa kuɗi a yanko yadi tare a Kantin Kwari.

Sannan ku rubuta sunan yaro a cikin wuyan rigar. Da rana ta yi zafi cirewa suke yi, su manta da ita a aji.